Yadda za ka bi diddigin mulkin Turawa 'yan kama-wuri-zauna a Kenya

In kana so ka gane yadda abin ya gudana, kar ka fara da jawabin gwamna, fara da rahoton shekara na jami'an gunduma da ke ajiye a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Nairobi, don a nan za ka ga harajin bukka, shari'o'i, da adadin leburori da aka tura gonaki.

Daga nan bi batun filaye. Dokar filaye ta 1915 ta ba Turawa hayar fili har shekara 999, kuma tsaunuka masu albarka aka keɓe musu su kaɗai. Sai ka haɗa da kipande, wato takardar shaidar da maza 'yan ƙasa ke rataya a wuya a wancan zamani, ita ke nuna wa kake yi wa aiki, haraji kuwa da kuɗi ake biya, to dole mutum ya fita neman ƙwadago.

Duba reluwe ma, wanda ya taso daga Mombasa a 1896 ya isa Kisumu a 1901. Duk inda ka ga an rubuta "ci gaba" a takarda, tambayi wa ya ci moriyarsa, tunda yawancin manoma 'yan ƙasa an hana su noman kofi har kusan 1954.