Ga mai son ɗaukar hoton tsohuwar Kombi

Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya na ga wani ƙanenmu ya saka hoton tsohuwar Volkswagen Kombi mai gilashin gaba rabe biyu, irin da aka ƙera a Jamus daga 1950 zuwa 1967. Mota ce mai daraja, amma ranar tsaka ta cinye hoton, gilashin ya yi fari fat.

Ƙanena, ka koma da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, rana na bayanka. Ka sa tsumma mai laima ka goge gilashin da tambarin, ƙurar hunturun Maradi ba ta raga wa kowa. Sai ka tsaya daidai tsakiyar goshinta, ka durƙusa har wayarka ta zo saitin fitilu, yadda ƙarfen da ya raba gilashin zai miƙe sak. Kar ka matsa kusa, hancin motar zai kumbura. Ja baya taku biyar ka jawo hoton.

In za ka jera hoto biyu gefe da gefe, kafin gyaran motar da bayansa, ka ja layi a ƙasa inda ka tsaya. Kuma ka nemi izinin mai motar tukuna.