Yadda za a bi da gyambon ciwon suga kafin a nemi maganin ƙwayar gado

Aikina wanke ciwo ne, kuma 'yan'uwan masu gyambon ciwon suga sun fara tambayata game da maganin da suke gani a waya, wai ana saka ƙwayar gado (wato gene, umarnin da jiki ke gada daga iyaye) a cikin ciwo sai nama ya tofo. Maganar tana da tushe. Jiki yana da sinadaran da ke sa nama da jijiyoyin jini su tsiro, irin su PDGF da VEGF, amma a tsohon gyambo ruwan ciwon yana lalata su da wuri. Dabarar ita ce a kai wa ƙwayoyin jikin da ke wurin ciwon umarnin yin sinadarin da kansu, ta cikin ƙwayar cutar da aka kashe wa dafi ko ɗan zoben DNA.

Kafin a kai can, fara da jini. Ka sa likita ya duba ko jini yana isa ƙafar, domin babu sinadarin da zai yi aiki a naman da jini ba ya kai masa. Sai suga, a saukar da shi. Sai a yanke mataccen nama a asibiti, ba a gida da reza ba, a kuma magance ruɓa in akwai.

Inda na fi fama da mutane shi ne taka ƙafar. Mai ciwon suga sau da yawa ba ya jin zafi a tafin ƙafa, sai ya ɗaure ciwon ya tafi kasuwa, duk naman da ya fara tofowa ya murƙushe. Sanda, takalmi na musamman ko filasta irin ta ɗaurin karaya, duk wanda likita ya zaɓa, a yi haƙuri da shi. Ka riƙa auna tsawo da faɗin ciwon duk mako kana rubutawa. In mako 4 ya wuce bai ragu da rabi ba, lokacin tambayar ƙarin magani ya yi.

Wanda ya daɗe a hannun likitoci shi ne Regranex, man shafawa mai PDGF da hukumar kula da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 1997. Sinadarin ne kai tsaye, babu ƙwayar gado a ciki. Sau ɗaya ake shafa shi a rana, siriri, a rufe da bandeji mai danshin ruwan gishirin asibiti, bayan awa 12 a wanke. A firji yake zama, ka yi tunanin wutar unguwarku kafin ka saya.

Na ƙwayar gado kuwa, Japan ta ba Collategene izini na wucin gadi a 2019 don gyambon ƙafar da jini ya yi wa ƙaranci, amma kamfanin ya janye shi a 2024. Vyjuvek, da Amurka ta amince da shi a 2023, ana ɗiga shi a kan ciwo duk mako, sai dai na masu wata cutar fata ce ta gado da fatarsu ke salewa, ba na ciwon suga ba.

Saboda haka in wani ya ce zai yi maka allurar ƙwayar gado a gyambo, ka tambaye shi sunan maganin da hukumar da ta yi masa rajista. In ya ce gwaji ne, ka nemi takardar yarda ka karanta kafin ka sa hannu, kuma ka gaya masa in ka taɓa yin ciwon daji, tunda sinadaran nan aikinsu sa ƙwayoyin jiki su hayayyafa ne.