Yadda ɗalibi zai kiyaye ladabi da amanar ilimi a kwas ɗin koyon shirya fim kafin shiga jami'a

Jami'o'i da makarantun fasaha da yawa suna buɗe gajeren kwas a lokacin dogon hutu domin 'yan sakandare masu sha'awar shirya fim, inda ake tara su na 'yan makonni a koya musu rubuta labari da sarrafa kyamara da naɗar sauti da tace hoto, sannan kowa ya fito da gajeren fim nasa. Kafin a fara karatu akan ba ɗalibi da iyayensa takardar ƙa'idoji su sa hannu, kuma ɗalibai da dama suna sa hannun ne ba tare da sun karanta ba. Takardar nan ita za a ɗauko ranar da aka samu matsala, kuma hukuncin da ke cikinta yana iya kaiwa ga kora nan take ba tare da mayar da kuɗin makaranta ba. Saboda haka abin da za ka fara yi shi ne ka zauna da iyayenka ku karanta ta daga farko har ƙarshe, duk abin da bai fito muku fili ba ku tambayi masu kula da kwas ɗin a rubuce, ku kuma adana amsar da suka bayar.

A ɗakin jarrabawa kowa ya san mene ne satar amsa, amma a aikin fim al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin fim aikin taro ne, kuma ana haɗa shi daga abubuwa masu yawa waɗanda kowannensu yana da mai shi. Labarin na wani ne, kiɗan na wani ne, fuskar da ta fito ta wani ce, ginin da aka ɗauki hoto a cikinsa ma ba a sake yake ba. Abin da malamai suke nufi da amanar ilimi a nan shi ne ɗalibi ya iya nuna asalin kowane abu da ke cikin fim ɗinsa, ya kuma faɗi gaskiya game da wanda ya yi kowane aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ware littafi guda tun ranar farko, ka riƙa rubuta inda ka samo kowane kiɗa da hoto da sauti, da sunan wanda ya ba ka izini, da kwanan wata. Wanda ya bari sai daren da za a miƙa aiki ba zai tuna rabin abin da ya sauke daga intanet ba.

Labari da abin da aka aro

Babu laifi idan wani fim ya burge ka har ka koyi salon haskensa ko yadda yake yanka hoto, domin da kwaikwayo ake koyon kowace sana'a, kuma dokar haƙƙin mallaka ba ta kare tunani zalla, tsarin da aka zuba tunanin a ciki take karewa. Labarin yaron da ya bar gida ya shiga duniya ba mallakar kowa ba ne. Amma idan ka ɗauki jerin fitowar wani fim ɗaya bayan ɗaya, da halayen mutanen ciki, da maganganunsu, ka sauya sunaye kawai, to ka yi satar fasaha, kuma sauya sunan ba zai wanke ka ba. A shekarar 1922 wani kamfani a Jamus ya fitar da fim ɗin Nosferatu, wanda aka gina a kan littafin Dracula na Bram Stoker ba tare da izini ba. Masu fim ɗin sun sauya sunayen mutane, sun kuma mayar da labarin Jamus, amma duk da haka matar marubucin ta kai ƙara, kuma a 1925 kotu ta ba da umarnin a lalata dukkan kwafin fim ɗin, sai 'yan kaɗan ne suka tsira. Idan kana son mayar da gajeren labarin wani ya zama fim, ka nemi izinin marubucin a rubuce, ko ka zaɓi tsohon labarin da wa'adin haƙƙinsa ya ƙare, kuma ko da ya ƙare wajibi ne ka ambaci marubucin. Ƙa'idar makaranta ta fi ta kotu tsauri a wannan wuri: abin da doka ta yarda ka ɗauka kyauta, makaranta ba ta yarda ka ce kai ka ƙirƙira shi ba.

Akwai kuma laifin da ɗalibai ba su cika ɗauka laifi ba, wato miƙa aikin da suka riga suka yi a baya kamar sabo. Fim ɗin naka ne, gaskiya, amma an ba ka aikin ne domin a auna abin da ka koya a wannan kwas, don haka idan kana son ɗora sabon aiki a kan tsohon rubutunka sai ka sanar da malami tukuna.

Kiɗa, inda aka fi zamewa

A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda fiye da ƙasashe 180 suka shiga, haƙƙin mallaka yana tabbata ga mai aiki ba sai ya yi rajista ba, kuma yana ɗorewa tsawon rayuwarsa da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, a Amurka da Tarayyar Turai kuwa shekara 70 ne. Ma'ana, rashin ganin alamar haƙƙin mallaka a jikin waƙa ba ya nufin kyauta ce. Bugu da ƙari, kowace waƙar da aka naɗa tana ɗauke da haƙƙi biyu, na wanda ya tsara ta da na wanda ya naɗe ta. Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ya rasu a 1827, tsarin kiɗansa ya zama na kowa, amma idan wata ƙungiyar makaɗa ta buga shi aka naɗa a 'yan shekarun nan, wannan naɗin yana da masu shi. Maganar da ɗalibai suke yaɗawa a tsakaninsu cewa ɗaukar daƙiƙa kaɗan na waƙa halal ne ba ta da tushe a doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ta yi rangwame ga wasu nau'o'in amfani, kamar koyarwa da sharhi, amma kotu ce take auna kowace shari'a da ma'auni huɗu, kuma abin da aka ƙyale a cikin aji yana iya zama matsala ranar da ka ɗora fim ɗin a YouTube ko ka tura shi gasa.

Mafita uku ce a gabanka. Wasu makarantu suna biyan kuɗin rumbun kiɗa domin ɗalibansu, sai ka tambaya ko akwai. Akwai kuma kiɗan da masu shi suka sake a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, ƙungiyar da aka kafa a 2001, sai dai lasisin iri-iri ne: wani ya shardanta ambaton suna kawai, wani ya hana amfani don kasuwanci, wani ya hana sauya aikin, kuma ɗora kiɗa a kan hoto ana lissafa shi cikin sauyawa. Ka karanta sharaɗin, ka ɗauki hoton shafin da ke nuna shi ka ajiye. Hanya ta uku, wadda a ganina ta fi duka, ita ce ka nemi wani ɗalibi mai iya kiɗa ya tsara maka sabo, ku rubuta 'yar yarjejeniya a tsakaninku. Kiɗan zai dace da fim ɗin, kuma za ka koyi yadda darakta yake bayyana wa makaɗi abin da yake so. Duk wannan ya shafi hotunan bidiyo da zane da sautukan da aka sauke daga intanet.

Batun ƙirƙirarriyar basira ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, har daga malami zuwa malami. Wani ya haramta ta gaba ɗaya, wani ya yarda a yi amfani da ita wajen tsaftace sauti amma ban da rubuta labari. Masana'antar kanta ta yi dambarwa a kan haka, domin yajin aikin marubutan fim na Amurka na 2023, wanda ya ɗauki kwana 148, ya ƙare da yarjejeniyar da ta hana a lissafa na'ura a matsayin marubuci. Kada ka yi zato, ka tambaya kafin ka taɓa, kuma idan an yarda ka bayyana manhajar da ka yi amfani da ita da wurin da ta sa hannu.

Jerin sunayen da ke fitowa a ƙarshen fim shaida ce, kuma haka ya kamata ka ɗauke shi. Wanda ya riƙe makirufo ka rubuta shi a kan sauti, wanda bai zo ba kada ka saka shi don abota, wanda ya gyara maka rabin labari kada ka ɓoye shi don kana jin nauyin a sani. Idan yayanka ko wani ƙwararre daga waje ya tace maka fim, wannan ya wuce shawara, ya zama aikin wani da sunanka a kai. Wannan gaskiyar za ta bi ka har lokacin neman gurbi a jami'a, inda za a so ka faɗi ainihin rawar da ka taka a kowane fim ɗin da ka gabatar. A fim na gaskiya kuwa, wanda ake hira da mutane na zahiri, amana ta ƙara nauyi: yanka maganar mutum a haɗa ta yadda za ta faɗi abin da bai nufa ba ƙarya ce, ko da kowace kalma daga bakinsa ta fito.

Ladabi a wurin ɗauka

Duk wanda zai fito a fim ɗinka ya sa hannu a takardar amincewa kafin a kunna kyamara, idan kuma bai kai shekara 18 ba iyayensa ko mai kula da shi ne za su sa hannu. Haka ma mai wurin da za a yi ɗauka. Neman izinin wuri yana kama da ɓata lokaci, har sai mutum ya ji abin da ya faru a jihar Jojiya ta Amurka ranar 20 ga Fabrairun 2014, lokacin da wasu masu fim suka hau gadar jirgin ƙasa ba tare da izinin kamfanin jirgin ba, jirgi ya taho, aka rasa ran Sarah Jones, mataimakiyar mai kyamara 'yar shekara 27. A 2015 aka ɗaure daraktan bayan ya amsa laifinsa. A Oktoban 2021 kuma harsashin gaske ya fita daga bindigar da ake amfani da ita a fim a wurin ɗauka a jihar New Mexico ta Amurka, ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins. Waɗannan ƙwararru ne masu kuɗi da ma'aikata, shi ya sa makarantu suke tsaurara wa ɗalibai a kan makami ko da na roba ne, da wuta, da hawa rufin gini, da ɗauka a cikin mota mai tafiya, da tashin jirgi maras matuƙi. Bindigar roba a kan titi, ɗan sanda ko mai wucewa ba zai san ta roba ba ce. Idan labarinka yana buƙatar ɗaya daga cikin waɗannan, ka kai wa malami tun a matakin rubutu, sau da yawa ma za ka tarar sauti da yankan hoto sun isar da abin ba tare da an nuna shi ba.

Zama darakta na kwana ɗaya ba sarauta ba ce, domin gobe kai ne za ka riƙe wa wani fitila. Ka zo a kan lokacin da aka rubuta a takardar kira, wato jadawalin aikin ranar, ka yi wa fim ɗin abokinka aiki da ƙwazon da kake so a yi wa naka. Kada ka matsa wa ɗan wasa ya yi abin da bai amince da shi ba tun farko, kuma idan ya ce a tsaya, a tsaya. Kowa a wurin, har ƙaramin cikinku, yana da ikon dakatar da aiki idan ya ga haɗari. A zaman sharhi ka yi magana a kan fim ɗin, ka nuna fitowar da ba ta yi aiki ba da dalilinka, ka bar mutumin da ya yi shi, kuma kada ka yaɗa aikin wani da bai kammala ba a kafafen sada zumunta. Kayan aiki kuwa ka duba su a gaban mai ba da su, ka rubuta duk wani lahani kafin ka fita da su, idan wani abu ya lalace a hannunka ka faɗa a ranar. Dokokin ɗakin kwana, kamar lokacin dawowa da hana giya da ƙwaya da fita ba izini da cin zarafi, ba su buƙatar dogon bayani, kuma su ne aka fi saurin kora a kansu saboda ɗaliban ƙananan yara ne a idon doka.

Idan aka tuhume ka da saɓa ƙa'ida, kada ka goge komai daga kwamfutarka, domin tsofaffin kwafin labarinka da ɗanyen hoton da ka ɗauka, masu ɗauke da kwanan wata, su ne hujjarka. Ka nemi a faɗa maka tuhumar a rubuce, ka sanar da iyayenka, ka tambayi yadda ake ɗaukaka ƙara da wa'adin yin hakan. Idan kuwa kai ka gano ka saka kiɗan da ba ka da izininsa, ka je wurin malami kafin ya gano, domin cire kiɗa daga fim aikin sa'a ɗaya ne. A kwasa-kwasan da ake ba da makin jami'a, hukuncin rashin amana yana iya shiga takardar sakamakonka, kuma wasu jami'o'i suna tambayar mai neman gurbi ko an taɓa ladabtar da shi a wata makaranta.