Darasi na Tara: Yin Juyen Baƙin Mai da Bawul Mai Hannu

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota domin ya yi mata juye ya san inda wahalar take. Notin da ke toshe kaskon mai yakan ƙi kwancewa sai an sa ƙarfi, idan kuma ya zo ƙarshe sai ya suɓuce daga yatsu ya faɗa cikin robar da aka tara, zazzafan mai ya biyo hannu har gwiwa. Wannan darasi ya shafi wani ɗan ƙaramin bawul da ake ɗaurawa a gurbin wannan noti sau ɗaya tak, daga nan kuma a daina neman sifana a duk ranar juye. An shirya darasin ne domin masu a-kori-kura irin Hilux, da masu Kanta, da direbobi da yaran mota waɗanda suka saba yi wa motarsu juye da kansu a ƙofar gida ko a tasha.

Yadda bawul ɗin yake

Idan kun san kan famfon da ake murɗa hannunsa sau ɗaya ruwa ya zubo, to kun riga kun san rabin wannan bawul. Jikinsa na tagulla ne, a cikinsa kuma akwai ɗan dunƙulen ƙarfe mai huda a tsakiya. Idan hudar ta fuskanci hanyar mai sai mai ya fito, idan aka juya ta gefe sai hanya ta toshe. Inda ya bambanta da kan famfo shi ne hannunsa ba ya motsi haka kawai, domin akwai sifirin da ke danne shi cikin wani ɗan gurbi, sai an ɗaga shi tukuna kafin a iya juya shi kashi ɗaya cikin huɗu na zagaye. Wanda aka fi sani a duniya shi ne na kamfanin Fumoto na ƙasar Japan, kuma ya karɓu sosai a Amurka, inda masu a-kori-kura da yawa ke yin juye da kansu a gida. Akwai wani iri kuma, kamar na kamfanin Stahlbus na Jamus, wanda ba shi da hannu ko kaɗan, sai an cusa masa wani baki na musamman mai haɗe da tiyo sannan ya buɗe. A cikin masu hannu akwai masu ɗan baki a ƙasa inda ake saka tiyo, kuma shi nake ba da shawarar a saya, saboda da shi mai zai tafi cikin jarka kai tsaye ba tare da ya taɓa ƙasa ba.

Mutane da yawa suna ɗauka amfaninsa sauri ne. A gaskiya mai ya fi jinkirin fita ta bawul, domin hudarsa ba ta kai faɗin ramin noti ba. Babban amfaninsa yana ga haƙoran ramin da ke jikin kasko. Na san wani direba mai jigilar albasa wanda yaronsa, don tsoron kada noti ya kwance a hanya, ya zura dogon bututu a kan sifana ya taka da ƙafa. Noti ya ɗauru, amma a juye na gaba da aka kwance shi sai ga ɓarɓashin ƙarfe kamar gashi a naɗe a jikinsa, haƙoran ramin sun cinye. Suka naɗa zare, suka shafa gam, mai bai daina ɗiga ba, kullum da safe sai a tarar da baƙin tabo kamar faifai a inda motar ta kwana. Daga ƙarshe sai da aka sauke kaskon gaba ɗaya aka kai gyara, motar ta yi kwana biyu ba ta yi lodi ba. Haƙoran da ake kwancewa ana ɗaurewa sau shida ko takwas a shekara dole su gaji, musamman idan kaskon na alminiyam ne, amma bawul da zarar ya zauna ba a sake taɓa su.

Karanta lamba kafin a saya

A nan ne karatun da muke koyo zai yi mana rana. Ramin noti ba iri ɗaya ba ne a kowace mota, kuma a jikin kwalin bawul ana rubuta girmansa kamar haka: M12 x 1.25. Lamba 12 tana nufin kaurin notin milimita 12 ne, 1.25 kuma ita ce tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori. Yawancin motocin Toyota da Nissan wannan girman suke amfani da shi, wasu motocin kuma M14 x 1.5 ne nasu, manyan motoci irin su tirela nasu ya fi haka kauri nesa ba kusa ba, sannan wasu injinan Amurka da inci ake auna nasu. Abin da ke yaudarar mutane shi ne noti biyu za su iya zama kauri ɗaya amma tazarar haƙoransu ta bambanta, sai bawul ya shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, wanda bai sani ba kuma ya ɗauko sifana ya tilasta shi, ya jawo wa kansa ainihin ɓarnar da yake gudu.

Saboda haka a duba littafin motar, ko a rubuta sunanta da shekararta da lambar injinta a takarda a kai wa mai kayan gyara. Ba kowane shago ba ne yake ajiye wannan bawul, ko a manyan kasuwanni irin Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna wataƙila sai an yi cigiya ko an sa a kawo. Idan ya zo hannu, a haɗa haƙoransa da na tsohon notin a ɗaga su wajen haske. Idan sun shige juna ba tare da haske ya ratsa tsakani ba, tazararsu ɗaya ce. Wasu kaskon kuma raminsu ya lotsa ciki, jikin bawul ba zai sami wurin juyawa ba, irin waɗannan sai an haɗa da ɗan ƙarin wuya da ake sayarwa tare da shi.

Ɗaurawa

Ana ɗaura shi ne a ranar juye, bayan tsohon mai ya gama tsiyayewa ta hanyar da aka saba. A goge bakin ramin da tsumma mai tsabta, a tabbata tsohuwar washa ba ta manne a jikin kasko ba, a sa sabuwar da ta zo tare da bawul ɗin. A fara murɗa shi da yatsu kawai har sai ya zauna, domin yatsu suna jin inda haƙori ya karkace, sifana kuwa ba ta ji. Daga nan a kama jikin bawul ɗin da sifana, ba hannunsa ba, a ƙara ɗaurewa kaɗan gwargwadon yadda takardarsa ta nuna. Tagulla ba ta kai ƙarfen noti ƙwari ba, ƙarfin da ya wuce kima yana iya tsinke wuyansa a cikin ramin. Tsohon notin kuma kada a yar da shi, a naɗe shi a leda a ajiye cikin akwatin kayan aiki na mota.

Ranar juye

A tsayar da mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a sa weji a tayoyi. Hilux da Kanta suna da tsayin da mutum zai iya shiga ƙarƙashinsu ba tare da an ɗaga su ba. Idan kuwa dole sai an ɗaga, kada kowa ya shiga alhali jak kaɗai ke riƙe da motar. A tayar da inji na minti biyar zuwa goma domin mai ya yi ɗumi ya tsinke, wannan kuwa ya fi zama dole da safiyar hunturu, lokacin da mai irin 15W-40 ko 20W-50 yake yin kauri kamar zuma, ya riƙa fita ta bawul da ƙyar. A kashe inji, a buɗe murfin da ake zuba mai ta sama don iska ta shiga, a goge ƙurar da ta taru a bakin bawul, a saka tiyo, ɗaya bakin tiyon kuma a zura shi cikin jarka.

Kafin a buɗe, a tabbata jarkar za ta ɗauke man duka. Injin Hilux mai shan gas yana cin wajen lita bakwai, saboda haka galan mai lita huɗu ko biyar ba zai isa ba, babbar mota kuwa tana iya cin lita talatin ko fiye. A ɗaga hannun bawul, a juya shi, a bar mai ya yi ta zuba. Lokacin jiran ba asara ba ne, a cikinsa ake canza filta: a kwance tsohuwar, a duba ko robar bakinta ta fito tare da ita, a shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar, a ɗaure ta da hannu. Idan mai ya koma ɗigo ɗaya ɗaya, a mayar da hannun bawul har sai an ji ya faɗa gurbinsa, sannan a gwada tura shi da yatsa ba tare da ɗagawa ba. Idan ya motsa, bai kulle ba. A cire tiyo, a zuba sabon mai da mazurari gwargwadon abin da littafin mota ya faɗa, a tayar da inji a ga fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, a leƙa ƙasa ko akwai yoyo a bawul ko a filta. A kashe, a jira minti biyar, a zaro geji, wato sandar auna mai, a ga mai yana tsakanin alamomi biyun da ke jikinsa. Idan an zarce da zubawa, sai a buɗe bawul kaɗan a rage a rufe, abin da ba ya yiwuwa da noti sai an yi wanka da mai.

Inda ya kamata a yi hattara

Bawul ya fi noti saukowa da santimita ɗaya ko biyu, mai bakin tiyo kuma ya fi haka. Ga motar da ke bin kwalta wannan ba komai ba ne. Amma wanda yake shiga ƙauyuka ranar kasuwa, yana bin hanyar da damina ta zaizaye, ko yana ratsa gona a kan kututturen dawa, ya kamata ya durƙusa ya duba da idonsa kafin ya saya. Idan ramin yana gefen kasko ne, ko akwai farantin kariya a ƙarƙashin inji, ko wani ƙarfen jikin mota ya fi shi sauka, babu damuwa. Idan kuwa bawul ɗin ne zai zama abin da ya fi komai kusa da ƙasa, ni a ganina gara a haƙura da shi a zauna da noti, domin dutse ɗaya ya isa ya karya shi, injin da ya rasa mai kuma ba ya daɗewa yake kamewa. Akwai ɗan maƙalli da ake sa wa hannun domin ƙarin tsaro daga ciyawa da itace, kuma ga motar da ke kwana a tasha yana rage wa mai ɓarna sauƙin aiki. Wani abin lura shi ne wasu notin suna da maganaɗisu a kai mai kama ɓarɓashin ƙarfe, wanda makaniki ke dubawa ya gane lafiyar inji. Wanda ya koma bawul ya rasa wannan shaida.

Tsohon mai da littafin mota

Man da ya fito daga inji guba ne, yana ɗauke da ƙarafa da dattin ƙuna, kuma yawan taɓa shi da fata na tsawon shekaru yana da haɗari, don haka a sa safar hannu, a wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba. Kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, kada a shafa wa dabba a kan ƙazuwa ko miki kamar yadda wasu ke yi. A rufe jarkar, a rubuta "TSOHON MAI" da manyan baƙaƙe a jikinta don kada wani ya ɗauke ta ya zuba ruwa ko man gyaɗa, a kai wa masu tara shi a gareji.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowane ɗalibi ya samo ƙaramin littafi ya ja layi huɗu a shafin farko: kwanan wata, lambar kilomita da ke allon mota, irin man da aka zuba, da kilomitar juye na gaba. A ƙasa mai ƙura irin tamu yawancin direbobi suna yin juye duk bayan kilomita 5,000, saboda haka wanda ya yi nasa a kan 182,400 zai rubuta 187,400 a layin ƙarshe. Wanda yake da mota a hannu kuma ya kwafo lambar girman notinta daga littafinta ko daga wurin makanikinsa, ya zo da ita aji mu karanta tare.