Yadda na gyara gasasshen ƙwai da sosej mai tsatsafo da ruwa

Wannan karin kumallon Amurkawa ne, ana haɗa ƙwai da madara da burodi da sosej a gasa a obin, ni dai da sosej na naman sa nake yi. Sau biyu ina fito da shi sama ya gasu, ƙasa kuwa tsamo-tsamo cikin ruwa. Ashe ɗanyar albasa da tattasai nake zubawa, suna sakin ruwansu cikin ƙwan.

Yanzu sai na soya sosej na tsiyaye mansa, na soya albasa da tattasai har su tsotse. Burodin ma na jiya nake yankawa, don sabon burodi caɓewa yake yi. Ƙwai 8, madara kofi 2, in haɗa su in juye a kan burodin da sosej da albasa da tattasai, ya kwana a firji. Da safe in saka a obin digiri 180 na Celsius, minti 45. Idan wuƙa ta fito fes daga tsakiya, sai in bar shi minti 10 kafin in yanka.