Kurakuran da Masu Neman Fatent Kan Abin Kwashe Kashin Kare Suka Fi Yi

A cikin ƙananan kayan hannu, da wuya a samu wanda masu ƙirƙira suka yi wa rubdugu kamar abin kwashe kashin kare. Tun da dokar tilasta wa mai kare ya kwashe kashin karensa ta fara aiki a birnin New York a 1978, wasu biranen Amurka da Turai suka bi sahu, kusan duk wanda ya gaji da sunkuyawa da leda a hannu sai ya ga shi ne zai kawo maganin abin. Ya zana, ya ƙera samfuri, ya biya lauya, ya shigar da buƙatar takardar haƙƙin ƙirƙira, wato fatent. Can bayan shekara ɗaya ko biyu wasiƙar mai tantancewa na ofishin fatent ta iso, an yi watsi da da'awowinsa kaf, wato jerin abubuwan da ya nemi fatent ɗin ya kare masa. Kurakuran da ke jawo haka ba sa canzawa, sabon shiga ne kawai ke canzawa.

Na farko shi ne maganar nan ta “na duba ko'ina ban ga irinsa ba.” Ina ka duba? Shagunan kayan dabbobi da Amazon? Mai tantancewa ba ruwansa da abin da ke kan kanta. Abin da yake dubawa shi ne duk abin da aka taɓa bayyanawa ga jama'a kafin ranar da ka shigar da takardarka: fatent mai rai, wanda ya mutu tun tuni, buƙatar da aka wallafa aka kuma yi watsi da ita, kundin talla, bidiyo, a kowace ƙasa kuma cikin kowane harshe. Da yawa daga cikin waɗannan kayan ba a taɓa ƙera su don sayarwa ba, a takarda suka tsaya, amma sun isa su kashe maka buƙata. Gyaran shi ne ka bi rukuni, kada ka dogara da kalma. Buɗe Espacenet ko Google Patents, shafukan intanet na binciken fatent, ka shiga rukunin E01H 1/1206, wanda aka ware wa kayan hannu na kwashe kashi, sannan A01K 23/005, inda ake samun masu tare kashin tun bai faɗi ƙasa ba. A tsohon tsarin Amurka kuma akwai rukuni na 294, ƙananan sassa 1.3 zuwa 1.5. Ni al'adata zane nake fara bi ɗaya bayan ɗaya, ban karanta rubutu sai zane ya tsayar da ni, don sunan da mai ƙirƙira ya raɗa wa abinsa ba ya nuna yadda yake aiki. Duk wanda ya yi kama da naka, bi jerin waɗanda ya ambata da waɗanda suka ambace shi.

Kuskure na biyu shi ya fi cin kuɗin mutane, kuma shi ya fi ɓata min rai, domin ko an yi bayani sai a ga mutum ya koma kansa. Mutum ya yi bincike, ya ga akwai mai doguwar sanda da muƙamuƙi biyu da sifirin, akwai wani mai ma'ajiyar leda a jikin mariƙi, akwai na uku mai tocila. Sai murna ta kama shi: ai babu wanda ya haɗa ukun a wuri ɗaya! Gaskiya ne babu, kuma wannan ya tsallakar da kai shingen farko kawai, wato zama sabo, sashe na 102 a dokar fatent ta Amurka. Shinge na biyu, sashe na 103, tambayarsa daban ce: shin ma'abocin wannan sana'a mai matsakaicin sani, idan aka baje masa waɗancan ukun a gabansa, zai hango haɗa su ba tare da wani dogon tunani ba? Idan zai hango, abinka a fili yake, babu fatent. A Turai ma akwai makamancin wannan a sashe na 56 na yarjejeniyar fatent ta Turai.

Kotun Ƙolin Amurka ta shimfiɗa yadda ake auna wannan a shari'ar Graham da John Deere a 1966: a san abin da ya riga ya fito, a fitar da bambancinsa da da'awarka, a ƙayyade matsayin sanin ma'abocin sana'ar, sannan a dubi shaidun waje kamar karɓuwa a kasuwa ko gazawar wasu. A 2007 kuma shari'ar KSR da Teleflex ta ƙara tsananta lamarin. Can ɗin fedar totur ce mai daidaituwa aka maƙala wa sensa ta lantarki, dukansu sanannu ne. Kotu ta ce haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, kowanne yana yin aikin da aka san shi da shi, galibi a fili yake, kuma ma'abocin sana'a mutum ne mai dabara irin ta kowa, ba inji ba. To dubi naka da wannan ido. Muƙamuƙi yana kamawa kamar yadda ya saba, ma'ajiya tana riƙe leda, tocila tana haskawa. Cire tocilar, kamun bai canza ba. Cire ma'ajiyar, hasken bai ragu ba. Kaya uku ne a kan sanda ɗaya, babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa. Mai tantancewa zai kawo takardu uku, ya rubuta layi biyu cewa kowa ya san ana fita da kare da dare kuma ana buƙatar leda a kusa, shi ke nan magana ta ƙare.

Abin da ke tsira shi ne inda sassa suke aiki da juna har su warware wata matsala da ta gagari na baya. Ga gwajin da nake yi wa kowane zane: a cire sashe ɗaya, a ga ko aikin wani sashen ya lalace. Ɗauki misali. Matsalar masu muƙamuƙi da ake lulluɓe wa leda ita ce bayan kamawa dole hannu ya je ya zare ledar, ya juya ta, ya ɗaure, nan ne kuwa ƙazantar ke taɓa mutum. A ce ka yi kunama ɗaya mai zango biyu. Jan farko na santimita uku yana rufe muƙamuƙan. Idan ka ci gaba da ja, wani harshe a jikin sandar ciki ya saki ƙugiyoyin da ke riƙe da bakin ledar, a daidai lokacin kuma ya tsuke zaren bakinta, kuma zango na biyu ba zai motsu ba sai muƙamuƙan sun haɗe. Nan akwai abin da za a iya karewa, domin tsarin da ya rufe shi ne ya buɗe hanyar sakin, ɗaya ya dogara da ɗaya. Shi ma sai an bi rukunin an tabbatar wani bai riga ka ba, amma aƙalla wannan magana ce da za a iya zama da mai tantancewa a kanta.

Kusa da wannan akwai masu cewa “ai wancan na tsintar shara ne, nawa na kashin kare ne.” Sabon amfani ba ya mayar da tsohon abu sabo. A shari'ar Schreiber ta 1997, wani ya nemi fatent kan murfi mai siffar mazurari na zazzago gugguru kaɗan-kaɗan, aka kayar da shi da tsohon fatent na Suwizalan kan bakin gwangwanin zuba mai, saboda siffar ɗaya ce kuma zai iya yin aikin. A shari'ar Bigio ta 2004 an kayar da buroshin gashi da buroshin haƙori. Saboda haka sandar tsintar shara, awartaki, abin tsinko 'ya'yan itace, abin ɗaukar ƙwallon golf, duk za a iya jawo su a kanka. Ka bincika su tun kafin a jawo.

Ƙananan sauye-sauye kuwa ba sai an daɗe a kansu ba, littafin aikin masu tantancewa na Amurka ya jera su a sashe na 2144.04 da makwabtansa. Ƙara tsawon sanda ko rage girman baki bai isa ba. Sauya ƙarfe da roba bai isa ba. Mayar da sassa biyu guda ɗaya, ko guda ɗaya ya zama mai cirewa, ko sanda ta zama mai zugewa, ko haƙora shida su koma goma sha biyu, duk an sha yanke hukunci a kan irinsu. Sai fa in ka nuna sauyin ya haifar da sakamakon da ba a zata ba.

Wannan “sai fa” ɗin shi ya kawo mu kuskure na uku, kuma a nan laifin na mai ƙirƙira ne tsantsa. Mutum ya shafe watanni yana gwaji. Ya gano cewa haƙora masu tsini suna huda leda a kan tsakuwa, masu faɗi kuma suna shafe kashi mai laushi a kan ciyawa, har ya kai ga wani lanƙwaso da tazara da suka yi daidai da wuraren biyu. Wannan shi ne ƙirƙirar tasa! Amma da aka zo rubutu sai ya ce “muƙamuƙi mai haƙora,” ya wuce, ya cika shafi huɗu da yabon tsafta da son dabbobi. Da aka ƙi buƙatar sai ya tuna, ya ce a ƙara. Ba a ƙarawa. Dokar Amurka da ta Turai duk sun hana shigo da sabon bayani bayan ranar shigarwa, Turai ma ta fi tsanani. Abin da ba ka rubuta ko ka zana ba a ranar, ihu ne bayan hari. Me ya hana ka rubuta kusurwar haƙorin, tazarar da ke tsakaninsu da milimita, ƙarfin sifirin, nisan tafiyar kunama, da dalilin da ya sa ƙasa da haka ko sama da haka ba ya aiki? Ni ba na yarda a shigar da takarda sai an rubuta kowane ma'auni hawa uku: iyaka mai faɗi, mai matsakaici, da ainihin wanda ke jikin samfurin. Sannan a bayyana matsalar da kowane sashe ya warware, musamman idan ana nufin Turai, domin su daga mafi kusancin tsohon abu suke farawa, su tambayi wace matsalar fasaha bambancinka ya magance. Takardar wucin-gadi ta Amurka, mai riƙe maka rana har wata 12, ita ma abin da ke cikinta kaɗai take karewa. Shafi ɗaya da hoton waya ba ya riƙe komai.

Idan wasiƙar ƙi ta zo, kada ka amsa da “nawa ya fi kyau,” kuma kada ka bi takardun ɗaya-ɗaya kana cewa wannan ba shi da tocila, wancan ba shi da leda. Haɗinsu aka kawo maka, haɗin za ka rusa. Nemi sashen da babu shi a ko ɗaya daga cikinsu. Ko ka nuna haɗin zai lalata aikin na farkon, kamar shari'ar Gordon ta 1984, inda aka ce a kifa matacin fetur ya zama matacin jini, kotu ta ce in an kifa shi ai ya daina aikin da aka yi shi dominsa. Ko ka nuno inda tsohuwar takardar da kanta ta yi gargaɗi kan hanyar da ka bi. In gwaji za ka kawo, gwada naka da mafi kusancin abin da aka ambata, a kan ciyawa jiƙaƙƙiya, tsakuwa, siminti da ƙanƙara, da abin gwaji mai tauri da mai laushi, a rubuta adadi a shigar da shi a matsayin shaidar rantsuwa. Yawan ciniki kuma ba ya amfani sai ka nuna sashen da ke cikin da'awar ne ya jawo shi, ba talla ko araha ba. Wa'adin amsa a Amurka galibi wata 3 ne, ana iya ja zuwa 6 da ƙarin kuɗi, daga nan buƙatar ta mutu.

Saura 'yan ƙanana. Kada ka sa bidiyo a YouTube ko ka buɗe neman tallafi a Kickstarter kafin shigarwa: Amurka tana yi maka uzurin shekara ɗaya, Turai ba ta yi. Kada ka ɓoye tsohon fatent da ka gani, a Amurka wajibi ne ka miƙa shi, ɓoyewa da gangan kan iya hana fatent ɗin aiki gaba ɗaya. Fatent na siffa, mai shekara 15 a Amurka, kamanni kawai yake karewa, ba yadda abu ke aiki ba. Kada ka cusa launi da tocila da madaurin hannu cikin da'awa ta farko don kawai a amince, mai kwaikwayo zai bar ɗaya ya wuce abinsa. Samun fatent kuma bai ba ka izinin sayarwa ba idan wani fatent mai rai ya rufe wani sashe na kayanka, wannan bincike ne daban da ake yi a kan da'awowin fatent ɗin da ba su cika shekara 20 ba a ƙasar da za ka sayar.