Yadda Bazazzagi zai ziyarci gidan tarihin makiyaya da kuɗi na Montebidiyo

Gidan tarihin gawuco da kuɗi yana Montebidiyo, babban birnin Yurugwai, a ƙarƙashin kulawar bankin gwamnatin ƙasar wanda aka kafa a 1896. Gawuco su ne makiyayan shanu bisa doki na filayen Yurugwai, Ajantina da kudancin Brazil.

Kafin ka bar Zariya, ka tabbatar da ranakun buɗewa, ka kuma tanadi manhajar fassara a waya, domin Sifaniyanci ake yi a can. Idan tafiyar ta faɗo a Yuni ko Yuli, ka riƙe rigar sanyi, lokacin hunturunsu ke nan.

Ka fara da kayan doki, kada ka yi gaggawa, domin wanda ya saba kallon hawan daushe a ƙofar fadar Zazzau zai fi kowa gane darajar linzami, likkafa da ƙaimi na azurfa. Ka matsa kusa da 'yar ƙwaryar shan mate, wani ganye da ake jiƙawa a sha kamar shayi, ka dubi bakinta da aka yi wa ado da azurfa, da siririn bututun da ake zuƙa da shi. A ganina, ɗamarar fata mai jeren tsabar kuɗi ta fi komai cancantar tsayawa, daga ita sai ka wuce sashen tsofaffin kuɗin peso.

Ka nemi izini kafin ɗaukar hoto.